Ruwa a Maimakon Fetur? Labarin Tulun Haidirojin da A Ke Ɗaura wa Mota

Tun daga ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin mai, ba ƙungiyar manoma ko ɗaya cikin ekklesiyoyinmu da ba ta ji a jikinta ba. Litar fetur da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mai noman rani ya ji a injin ban-ruwa, zumuntar mata sun ji a injin niƙa, ƙungiyoyin da su ke da a-kori-kura ta kai amfanin gona kasuwa kuwa sun fi kowa kuka.

Cikin wannan hali ne tambaya ɗaya ta yi ta zuwa ofishinmu daga ƙungiyoyi dabam dabam. Samari sun gani a wayoyinsu, a YouTube da Facebook, Turawa suna ɗaura wa mota wani tulu mai ruwa da wayoyi, suna cewa shan mai ya ragu da kashi 30, wasu ma su ce rabi. Waɗansu 'yan'uwa har sun kawo shawara a taron ƙungiya a ciri kuɗi daga asusu a sayo. Tun da shi ke kuɗin nan na gwauraye ne da na masu buhu biyu-uku, mun ga ya wajaba mu bi maganar daki-daki kafin ma'aji ya buɗe akwati.

Mene ne tulun nan?

Aikin ba asiri ba ne, kuma ba sabo ba ne. Ruwa haɗin iska biyu ne, haidirojin da oksijin. A shekarar 1800 waɗansu mutum biyu a Ingila, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka tsoma wayoyin batir cikin ruwa, suka ga kumfa yana tashi daga kowace waya, watau ruwan ya rabu ya koma iskokin da suka haɗu suka yi shi. Kowane malamin kimiyya a sakandare yana iya nuna wa ɗalibansa wannan.

Tulun mota shi ne wannan gwaji, an ƙara masa girma. A kan sami kwalba ko gorar roba mai kauri, a jera faya-fayen ƙarfen da ba ya tsatsa a ciki, kusa da juna amma ba su taɓa juna ba. A zuba ruwa, a sa masa 'yar soda irin ta yin sabulu domin wutar lantarki ta iya ratsa shi, sa'an nan a jona da batirin mota. Iskar da ta fito, kashi biyu haidirojin kashi ɗaya oksijin, sai ta bi tiyo ta shiga inda inji ke shaƙar iska. Masu abin suna kiranta HHO. Iskar kuwa gaskiya tana ƙonewa, har ma fashewa ta ke yi. In an kama ta cikin kumfan sabulu aka kai mata ashana, ƙarar da za ta yi sai ka ce bindigar toka. Wannan ƙara ce ta kan sa mai kallo ya gaskata nan take.

Inda abin ya fi yaɗuwa shi ne Amurka, wurin masu sha'awar taɓa inji a garejin gidansu ran hutu. A 2008, da galan ɗin fetur ya wuce dala 4 a can, mutane da yawa suka shiga ƙera tuluna da kwalaben miya da cokula da murfin ƙarfe, suna gasar wanda nasa zai fi fitar da kumfa. Yawancinsu ba macuta ba ne, mutane ne da tsadar mai ta dama, kamar yadda ta dame mu.

Amma tarihin yana da macutansa. Wani mutumin jihar Ohayo, Stanley Meyer, ya yi shekaru yana cewa motarsa za ta ƙetare Amurka daga gaɓar yamma zuwa ta gabas da ruwa galan 22 kawai. Mutum biyu da suka zuba masa jari suka kai shi ƙara, masana a gaban kotu suka duba na'urarsa suka ce ba wani sabon abu a ciki, a 1996 kotu ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. A ƙasar Filifin an yanke wa Daniel Dingel hukuncin ɗauri a 2008 a kan irin wannan magana, yana da shekara 82. A Pakistan a 2012 wani mai suna Agha Waqar Ahmad ya ruɗi har da ministoci da tasa na'urar, kafin masanan ƙasar su fito su ƙaryata shi. A 2009 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai ƙarar masu tallan wani tulu da su ke alkawarin zai ƙara wa mota nisan tafiya da kashi 50.

Lissafin cokali da kofi

A wani taro da muka yi bayan sujada, wani dattijo ya ce mana, "Malam, ni dai na ga wutar da idona. In ruwa ya ba da wuta, me zai hana ya tuƙa mota?" Muka ce, "Baba, gaskiyarka, wutar ta gaske ce. Amma wa ya biya kuɗinta?"

Ga yadda abin ya ke. Sa'ad da haidirojin ya ƙone, abin da ya ke bari shi ne ruwa. Watau ruwa toka ne, tokar haidirojin. Ƙarfinsa ya riga ya fita. In kana so ka mai da shi abin ƙonewa, dole ka mayar masa da dukan ƙarfin da ya fita, da ƙari a kai, gama wani sashi zai tsere ya zama zafi. Shi ya sa tulun ya kan yi zafi har ruwan ya kusa tafasa. Haka Allah ya tsara halittarsa, kuma ba wanda ya taɓa samun hanyar zagaye wannan ka'ida.

To, daga ina ƙarfin ya ke zuwa a cikin mota? Daga batir. Batir kuwa altaneta ke cika shi, altaneta fambel ke juya ta, fambel inji ke jan sa, inji kuwa fetur ya ke sha. Mutane da yawa suna tsammani tun da altaneta tana juyawa ko yaya, wutarta kyauta ce. Ba haka ba ne. Duk wanda ya taɓa jona dutsen guga a ƙaramin janareto ya ji yadda muryar inji ta ke sakewa, ya yi nishi. Altaneta ma haka ta ke, ƙarin wutar da aka ja, ƙarin nauyin da ta ke ɗora wa inji.

Mu ɗauka ƙarfin fetur hatsi ne mudu 100, za a bi da shi ta hannun 'yan awo huɗu. Na fari shi ne inji, wanda ya kan mai da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya zama juyi, sauran ya fita ta lagireto da salansa a matsayin zafi. Saura mudu 25. Altaneta ta karɓa, ta ba da ɗan abin da ya fi rabi, saura wajen 14. Tulu ya karɓa, in mai kyau ne ya ba da wajen 8. Wannan 8 ɗin ya koma cikin inji ya ƙone, inji ya sāke cin kashi uku cikin huɗu. Abin da ya kai ga taya mudu 2 ne. Da an bar hatsin a hannun na fari, da mudu 25 ne ya kai.

Mu sāke auna shi ta wata hanya. Tulun da a ke yabo ya kan fitar da iska wajen lita guda a minti, yana kuwa jan wuta wat 200 zuwa 300, kwatancin ƙwayayen babbar fitilar mota huɗu ko biyar. In ya yi awa guda yana aiki ya ba da lita 60 na iska. Lita 60 kamar abu ne mai yawa, amma haidirojin ya fi kowace iska rashin nauyi, ƙarfin da ke cikin lita 60 ɗin nan bai fi na fetur cokalin cin abinci guda ba. Man da inji ya ƙona domin ya samar da wutar kuwa ya kai kofin shayi guda. An ba da kofi an karɓi cokali.

Mai talla zai ce lita guda ta ruwa tana ba da iska fiye da lita 1,800. Wannan gaskiya ne. Abin da ba zai faɗa ba shi ne tulun zai yi wajen awa 30 kafin ya cinye litar, kuma dukan iskar ba ta kai ƙarfin rabin litar fetur ba.

"Ai ba mai ba ne, taimakon ƙonewa ya ke yi"

Masu abin da suka san lissafin nan sukan sāke magana. Su ce ba nufinsu iskar ta maye gurbin fetur ba, aikinta shi ne ta sa fetur ya ƙone sarai, gama a cewarsu yawancinsa yana fita ta salansa bai ƙone ba. Wannan magana ta fi ta fari nauyi, ya kamata mu yi mata adalci.

Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Haidirojin yana kama wuta da sauri ƙwarai. Bayan tsadar mai ta 1973 masana a Amurka sun bincika wannan, har hukumar NASA ta fitar da rahoto a 1977 wanda ya nuna in an gauraya haidirojin da fetur, inji yana iya aiki da iska mai yawa da mai kaɗan ba tare da ya yi tari ba. Masu tallan tulu suna son ambaton wannan rahoto. Amma haidirojin da aka yi gwajin da shi ya ninka abin da tulu ke bayarwa sau da yawa, kuma ba daga batirin motar aka samo shi ba. Injin mota mai girman lita biyu, yana tafiya a kan titi, ya kan shaƙi iska wajen lita 1,000 a minti. Lita guda ta tulu cikin wannan, ƙwayar gero guda ce cikin dubu.

Batun cewa yawancin fetur yana fita ɗanye kuwa ba haka ba ne. Lafiyayyen inji yana ƙone kusan dukan man da ya shiga, fiye da kashi 95. Hasararsa zafi ne, ba ɗanyen mai ba. In motarku tana fitar da baƙin hayaƙi da warin fetur, makaniki ta ke bukata. Mujallar Popular Mechanics ta ɗaura irin tulun nan a mota a 2008, ta auna yana kunne da yana kashe, ba ta ga bambanci ba. Hukumar kula da muhalli ta Amurka kuma ta gwada na'urorin rage shan mai iri iri fiye da 100 cikin shekaru, ba ta sami wadda ta yi wani abin a zo a gani ba.

Wani zai ce ya ga motar Japan mai tafiya da haidirojin. Ita ma gaskiya ce, kamfanin Toyota ya fara sayar da Mirai a 2014. Sai dai ba ruwa a ke zuba mata ba. A masana'anta a ke yin haidirojin, a matse shi cikin tulu mai tsananin ƙarfi, mai mota ya saya da kuɗi kamar yadda a ke sayen fetur.

Me ya sa masu gaskiya su ke ganin ragi?

Nan ne maganar ta ke da wuya, gama za ka ga ɗan'uwa wanda ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba yana tabbatar maka motarsa ta rage sha. Ba ƙarya ya ke yi ba. Ran da aka ɗaura tulu, makaniki ya kan wanke fulogi, ya busa matatar iska, ya taɓa kafireta. Mai mota kuma, da shi ke ya kashe kuɗi yana so ya ga amfani, sai ƙafarsa ta yi sauƙi a kan totur bai sani ba, ya daina barin inji yana aiki a tsaye. Waɗannan duka suna rage shan mai, da tulu ko ba tulu. Ga kuma yadda mu ke awo: da allurar tanki, ko da cewa "jiya na sa na dubu goma na je na dawo", alhali lodin jiya ba na yau ba ne, galan ɗin ɗan bumburutu kuma ba daidai ya ke da famfon gidan mai ba.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne taɓa kafireta. Waɗansu masu ɗaura tulu sukan shaƙe man da ke shiga, a sababbin motoci kuwa su sa wata 'yar na'ura ta ruɗi kwamfutar mota ta rage mai. Lalle shan mai zai ɗan ragu, amma injin da a ke ba shi iska mai yawa da mai kaɗan zafi ya ke ɗauka, ƙarfinsa ya ragu a hawa, a kwana a tashi bawul ya ƙone ko fistin ya lalace. Ribar wata uku ba za ta biya kuɗin sauke inji ba.

Haɗarin da ke ciki

Iskar tulu ba ta bukatar iskar waje kafin ta kama, gama tana tafe da oksijin nata. Tartsatsi guda daga sakakkiyar waya ya isa, wutar kuwa tana iya bin tiyo ta koma cikin tulu ya tarwatse. Abin da zai watsu ba ruwan banza ba ne, ruwan soda ne mai zafi. Matan da su ke yin sabulu sun san abin da soda ke yi wa fata, a ido kuwa tana iya makantar da mutum. Wanda ya rasa soda ya sa gishiri ya jawo wata masifa, gama ruwan gishiri da lantarki suna fitar da iskar kulorin, guba ce ga huhu. In an jona tulu kai tsaye da batir aka manta da shi bayan an kashe mota, zai yi ta tara iska a ƙarƙashin bonet har batir ya mutu, ko kuwa wani ya zo ya murɗa makulli. Altanetar tsohuwar a-kori-kura kuma, wadda da ƙyar ta ke riƙe fitilu, ba za ta daɗe da wannan ƙarin kaya ba.

Ba mu rubuta wannan domin a yi wa samarinmu dariya ba. Yaron da ya iya yanka ƙarfe ya jera, ya haɗa waya har iska ta fito, yana da hannu da kai, irinsa mu ke nema a aikin gyaran famfo da haɗa sola. Dattawa su ja shi a jiki.

In ƙungiya ta nace sai ta gwada

Kada a biya ko kwabo tukuna. A ce wa mai sayarwa ya ɗaura da sharaɗi biyu: ba zai taɓa kafireta ko wani abu na inji ba, kuma zai sa makunnin tulun a inda direba ba ya gani. Sakatare ne kaɗai zai san ran da aka kunna da ran da aka kashe, ya rubuta a littafinsa. Kowace tafiya a cika tanki har baki a famfo ɗaya, a rubuta lambar kilomita, a bi hanya ɗaya da lodi iri ɗaya, a dawo a sāke cikawa a rubuta litar da ta shiga. A yi sau biyar yana kunne, sau biyar yana kashe, a gauraye, sa'an nan a karanta sakamakon a gaban taro. In injin ban-ruwa ne, a auna lita guda ta mai a ƙirga duro nawa ya cika kafin ya mutu. Mai kayan da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba ku amsa.

Ko ba tulu ma, muna roƙon kowace ƙungiya ta soma riƙe wannan littafi, gama da shi ne za a gane ran da mota ta fara shan mai fiye da kima, ko kuwa man yana bin wata hanya.

Inda ragin gaske ya ke

Ba abin mamaki a nan, shi ya sa ba a tallansa. A duba iskar taya kowane mako da safe kafin a tashi. Direba ya tashi a hankali, kada ya wuce kilomita 80 a awa, ya kashe inji sa'ad da a ke lodi. A canza baƙin mai da fulogi a kan kari, lokacin hunturu kuma a riƙa tsabtace matatar iska saboda ƙura. Mafi girma duka, ƙauyuka biyu ko uku su haɗa ranar kasuwa, mota ta tafi cike da hatsi ta komo cike da taki, maimakon ta dawo wayam.

A fadama, a ajiye inji kusa da ruwa gwargwadon iko, gama jan ruwa daga nesa ya fi tura shi wuya. Tiyon tsotso in yana shan iska a mahaɗa, inji zai yi ta ƙara ruwa kuwa kaɗan, ɗan ƙyallen roba ya isa ya gyara wannan. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Tun daga 2023 manoman rani da yawa a Arewa sun mai da injinansu suna aiki da iskar gas ta girki. Wannan dabam ne da tulun ruwa, gama gas mai ne na gaske wanda a ke saye da awo. Amma a auna farashinsa da na fetur a kasuwarku kafin a canza, a sa wanda ya ƙware ya yi aikin, kada kuma a yarda da tulun gas ƙirar bakin titi. Ƙungiyar da ta ke da ɗan abin hannu ta yi tunanin famfo mai aiki da hasken rana, kuɗinsa da nauyi a farko amma ba ya shan mai.

Ga waɗanda sun riga sun ɗaura tulu kuma suna so su cire: a fara cire wayar batir, a bari tulun ya huce, a buɗe shi a fili nesa da wuta da taba, da safar hannu da abin kāre ido. Ruwan ciki, musamman in ya rine ya yi rawaya ko ja, yana ɗauke da soda da dafin ƙarfe. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi ko inda dabbobi ke kiwo. A juye shi cikin jarka mai murfi a rubuta "guba" a jiki, a ajiye inda yara ba sa kaiwa. Daga nan a kai motar wurin makaniki ya mai da kafireta yadda ta ke dā.